A koya wa yaranmu Sifaniyanci ta hanyar Hausa

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini domin in yi kira ga jami'o'in Kano da Jigawa a kan darasin Sifaniyanci na masu farawa. Inda babu shi a buɗe, inda kuma ake yi a daina zagayawa da yaranmu ta cikin Turanci kafin a kai su ga harshen.

Na san wani zai ce me ya haɗa ɗan ƙauye da harshen Sifaniya. Zoɓo ne ya haɗa mu. Wanda matanmu ke ɓarewa da kaka a Maigatari da Gumel da Sule Tankarkar, idan ya fita waje, mafi yawansa Meziko yake tafiya, inda suke jiƙa shi su sha kamar yadda muke yi. Meziko kuwa ta fi kowace ƙasa yawan masu magana da Sifaniyanci. Lokacin da ta dakatar da karɓar zoɓon Najeriya saboda maganar ƙwari a cikin kaya, manomi a nan ne ya fara ji a jikinsa. Abin yana yi mini ciwo a ce amfaninmu ne, amma cinikin sai ya bi ta bakin wasu.

'Yar ƙanena tana ɗaukar wannan darasi a wata jami'a. Da ta zo hutu ta miƙo mini takardun da aka ba su ta ce, "Baba, duba abin da ke wahalar da mu." Hoton wani littafi ne da aka rubuta domin Turawa, tawadar ma ta dushe. Shafi guda cur ana lallashin ɗalibi ya yarda cewa tebur da gida suna da jinsi. Yarinyar da tun tana goye take jin ana cewa farar riga da farin wando, ita za a yi wa wannan dogon bayani? A Hausa yawancin sunayen mata da "a" suke ƙarewa, haka ma a Sifaniyanci. Wasulansu biyar ne, a, e, i, o, u, kuma ana furta su yadda aka rubuta. Suna da ra iri biyu, mai kaɗawa da marar kaɗawa, mu ma muna da biyu. Harafin j nasu kuwa kha ne na Larabci, wanda duk yaron da ya zauna gaban alaramma ya iya fitar da shi daga maƙogwaro.

Wurin da ya fi ba ta wuya shi ne wasu aikatau biyu na Sifaniyanci, ser da estar, domin littafin ya fassara su duka da kalmar Turanci guda ɗaya. Na sa ta faɗi "Audu malami ne", sannan ta faɗi "Audu yana gida". Na farkon hurumin ser ne, na biyun na estar. Ba a kowane wuri suke dacewa ba, amma ta kama bakin zaren nan take. Bambancin da Turanci ya rufe mata, Hausa ta riga ta buɗe shi tuntuni.

Ba na cewa harshen ba shi da wuya. Aikatau ɗinsa na canza wutsiya da kowane mai aiki da kowane lokaci: hablo, hablas, habla (ina magana, kana magana, yana magana), inda mu muke sa ina, kana, yana a gaba. Wannan ba ya zama sai da maimaici da babbar murya, kullum, kuma takarda ba ta yi wa kowa wannan aikin. Don haka jarrabawar zangon farko ta haɗa da magana baki da baki: ɗalibi ya yi gaisuwa, ya faɗi sunansa da garinsu, ya ƙirga kuɗi, ya taya buhu.

Ina kira ga masana harshe na Jami'ar Bayero, da Jami'ar Tarayya ta Dutse, da Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, su haɗu su fitar da ɗan littafin Hausa da Sifaniyanci na matakin farko, wato A1, wanda zai kai yaro ga DELE, jarrabawar shaidar iya Sifaniyanci ta Cibiyar Cervantes, hukumar ƙasar Sifaniya mai yaɗa harshen. A haɗa shi da muryoyin da za a tura a waya a saurara ba tare da intanet ba, domin a ƙauyukanmu sabis sai an hau tudu. Masu taimakawa ma suna kusa: Ikwatoriyal Gini maƙwabciyarmu ce ta teku kuma Sifaniyanci ne harshen hukumarta, ga kuma 'yan Najeriya da suka yi karatun likita a Kuba. Ina roƙon gwamnatin Jigawa da 'yan kasuwar zoɓo su ɗauki nauyin buga littafin da kuɗin jarrabawar 'ya'yan manoma.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naku,
Wani malamin sakandare,
Maigatari, Jihar Jigawa