Kada labarin ambaliya ya janye tare da ruwa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina bibiyar jaridarku, kuma ina ganin ƙoƙarin wakilanku duk lokacin da aka yi ambaliya: hotunan gidaje tsundum cikin ruwa, adadin waɗanda suka rasa matsuguni, jajen hukumomi. Allah ya saka da alheri. Ƙorafina guda ne. Da zarar ruwa ya janye sai ku ma ku naɗe tabarmar labarin, alhali wanda abin ya shafa a ranar ne wahalarsa take somawa. Ni ganau ne ba jiyau ba, shi ya sa nake roƙon ka ba ni ɗan fili.

Ruwa da iska aka yi cikin dare, kafin asuba ruwa ya kai mana gwiwa a cikin ɗakuna. Kwana biyu ya yi kafin ya sauka. Da muka dawo, abin da na fara gani shi ne layin laka da ya zagaye bango, daidai inda ruwan ya tsaya, da takalmin makarantar 'yata guda ɗaya a kan kujera. Na nufi makunnin fitila kai tsaye, ƙafata cikin danshi. Maƙwabcina ne ya daka mini tsawa, Allah ya yi da sauran kwana a gaba. Ba a taɓa wuta a gidan da ruwa ya shiga sai an kashe ta daga babban makunni, shi ma idan inda yake a bushe ne, sannan mai gyaran wuta ya buɗe soket ɗaya bayan ɗaya ya duba. Kafin ma a shiga, a zagaya ginin daga waje. Sabuwar tsaga a bango, ko ƙofar da a da take rufuwa lafiya yanzu ta ƙi, alama ce ƙasan ginin ya motsa. Bangon ƙasa kuwa yakan sha ruwa ya yi shiru, sai bayan kwanaki ya rufto. A kuma riƙa ɗaga kaya da sanda, domin macizai da kunamu su ma tudu suka nema.

Kuskurena na farko, zafin rai ya sa na kwashe duk abin da ya lalace na zubar ban ɗauki hoto ko ɗaya ba. Da aka zo ƙiyasta asara, baki kawai nake da shi. Ko mutum yana da inshora ko tallafi yake jira, ya ɗauki hoton kowane ɗaki da layin ruwan a bango kafin ya ɗaga tsinke.

Amma wanda ya fi ci mini rai, wanda kuma saboda shi na rubuto, shi ne gaggawar gyara. Mutum yana so ya ga gidansa ya koma yadda yake, ya daina jin warin nan. Kwana goma da janyewar ruwa na kira mai fenti. Bangon a ido ya bushe, a hannu ma haka. Ba a yi wata guda ba fentin ya kumbura yana ɓarewa, farin gishiri ya feso daga ƙasan bango, bayan kabad kuma ya yi baƙi ƙirin da fumfuna. 'Yata ta kama tarin dare, sai da likita ya tambaye ni ko akwai danshi a ɗakin da take kwana sannan na gane inda gizo ke saƙar. Bulo da siminti suna shan ruwa har ciki, kuma suna iya ɗaukar makonni, wani lokaci watanni, kafin su sake shi. Fenti rufe danshin yake yi. Wani dattijon magini ya koya mini gwaji mai sauƙi: a manna farar leda a jikin bango, a like gefunanta da kyau, a bar ta ta kwana. In da safe an ga raɓa a cikinta, bangon bai shirya ba. Da na san wannan tun farko, da ban biya kuɗin aiki sau biyu ba, da kuma yarinyar ba ta sha wahala ba.

Fumfuna ba ta jira. Cikin awa 24 zuwa 48 take soma tsirowa a kan abin da ya jiƙe. Don haka katifar soso, kafet da matashin da suka sha ruwan ambaliya, haƙuri za a yi da su, duk da na san yadda hakan yake da ciwo ga mai ƙaramin ƙarfi. Abin da yake da tauri, kamar daɓe da bango da ƙarfe, a fara wanke shi da sabulu, sannan a bi da bilic kofi ɗaya cikin ruwa kimanin lita 4, da safar hannu, tagogi a buɗe. Kada a kuskura a haɗa bilic da wani maganin wanke banɗaki, hayaƙin da ke tashi guba ne.

Mutane da yawa suna ɗauka ruwan ambaliya ruwan sama ne kawai. Ya bi ta masai, ya bi ta kwata da bola kafin ya iso ɗakinka, kuma ya faɗa rijiya. Ruwan sha sai an tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, rijiya kuma sai an yashe ta an zuba mata kulorin. Wanda ya ji rauni wajen kwashe tarkace ya nemi allurar tetanas, a kuma sa takalmin roba, domin akwai cutar da fitsarin ɓera ke bari a cikin ruwa, tana shiga ta ɗan ƙaramin ciwo. A ambaliyar Pakistan ta 2022, wadda ta shafi mutum miliyan 33, zazzaɓin cizon sauro ya ninka sau da yawa bayan ruwan ya kwanta a kududdufai. Waɗannan marasa lafiya ba sa cikin hotunan ranar farko.

Janareta ma ta kashe mutanen da suka tsira daga ruwa. Hayaƙinta yana ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, sai a kwanta barci a ƙi tashi. Waje ake ajiye ta, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga. Motar da ta nutse kuwa kada a tayar da ita sai bakanike ya gani, ruwa a cikin inji yana lanƙwasa ƙarfe.

Akwai kuma ɓarnar da ba ta hawa takardar ƙiyasi. Har yau in hadari ya haɗo, ƙaramin ɗana sai ya tattara littattafansa ya ɗora a saman kabad, ba ya cewa komai.

Roƙona, ya Edita, ku riƙa mayar da wakilinku unguwannin da ruwa ya ci bayan wata guda, ya ga halin da ake ciki. Ku gayyato injiniyan gini, da mai gyaran wuta, da jami'in lafiya, su yi wa jama'a bayani da harshen da za su gane, a buga tun kafin damina ta kankama. Ni dai a wannan makon nake kankare fentin ɗaki na biyu, kuma ledar da na manna jiya ta wayi gari da raɓa.

Naka,
Wani mai karatu