Wasiƙa zuwa ga aminina a kan garin Wurno

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali a can Kumasi. Ka ce yara sun dame ka da tambaya a kan garin kakanninsu, kai kuma abin da ka riƙe na Wurno bai wuce tafarnuwa da shinkafa ba, shi ya sa na ga ya dace in rubuto maka.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu, shi ne ya mayar da Wurno ribaɗi, wato sansanin tsaron iyaka, a bakin kogin Rima, arewa maso gabas da Sakkwato, a lokacin da Gobirawa da Azbinawa suke yawan kawo hari ta wannan ɓangaren. Abin da ya fi girma a idona shi ne, da ya so sai ya yi zamansa a cikin birnin Sakkwato ya tura wani ya tsare masa iyaka, amma sai ya tare a Wurno da kansa, tare da malamai da mayaƙa, ana karatu ana noma ana kuma gadin ƙasa. A 1836 ya ci nasara a yaƙin Gawakuke, a 1837 kuma Allah ya yi masa rasuwa a nan garin. Hubbarensa yana nan har yau, masu ziyara kuma ba su yanke ba, suna zuwa daga nesa su yi masa addu'a. Wurin nan nake so yaranka su fara sani kafin komai.

Ɗansa Aliyu Babba, wanda ya yi sarauta daga 1842 zuwa 1859, shi ma Wurno ya fi zama, kuma a nan ne Baturen Jamus Heinrich Barth, da ake kira Abdulkarim, ya sauka a 1853.

Fadamar da ka sani tana nan, ana kuma noman rani a cikinta, ko da yake ambaliya takan yi wa manoma ɓarna a wasu shekarun.

Idan Allah ya nufe ku da zuwa, ku bari sai damina ta wuce, ni da kaina zan kai ku hubbaren. Ka gaishe mini da uwargida da yara.

Wassalam,
Naka amini.