Duba-gari, a riƙa leƙa bayan kicin

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da abokan aikinka. Ni mai gyaran famfo ne, haifaffen Kano, amma yau shekarata 19 a Legas, ina zaune a Agege. Sana'ata tana shigar da ni inda mai cin abinci ba ya taɓa shiga, wato bayan kicin, wurin da ruwa ke shigowa da wurin da yake fita. Abin da idona ke gani a can ne ya sa na ɗauki alƙalami.

A watan jiya wata Hajiya mai tuwo ta aiko a kira ni, wai ruwan wanke-wanke ya ƙi wucewa. Ba zan faɗi unguwar ba. Gidan abincin nata tsaf yake daga gaba: tebura a goge, yara da huluna, bango kuma an jera takardu cikin gilashi, ga ta izinin sana'a, ga ta gwajin lafiyar masu girki, ga rasidin kuɗin shara. Da na zagaya baya na kwance bututun, sai ga kitse da manja sun daskare a ciki kamar sabulun salo, hanyar da ta rage wa ruwa ko ɗan yatsana ba zai shiga ba. Wannan bai dame ni ba, aikina ne na kullum. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne bututun ruwa mai kyau, wanda ke kai ruwa tankinta. Kwance yake cikin kwata, baƙin ruwa ya rufe shi, kuma inda ya tsage an naɗe shi da robar tayar keke.

Na ce, "Hajiya, duba-gari sun taɓa zuwa nan baya kuwa?"

Ta ce, "Ɗan nan, suna zuwa mana. A gaba suke tsayawa, su duba takardu, su ga ko yara sun yanke farce, su sa hannu su wuce."

Mutane da yawa suna ɗauka bututu in ya tsage, ruwa fita kawai yake yi. Haka ne muddin akwai ƙarfin ruwa a ciki. Amma da zarar an ɗauke wuta injin tura ruwa ya tsaya, bututun ya zama fanko, sai ya koma zuƙo abin da ke kewaye da shi. In cikin kwata yake, ruwan kwata zai zuƙa. A kawo wuta, a tura shi sama cikin tanki. Tuwo da miya dai sun sha wuta, ba a cika jin tsoronsu ba. To latas da kabeji fa? Tumatir da albasar da ake yayyankawa a kan tsire fa? Zoɓo, ƙanƙara, da kwanon da aka ɗauraye aka zuba maka abinci a ciki yana jiƙe?

Ba mu manta da watan Yunin 2024 ba, lokacin da cutar amai da gudawa ta ɓarke a jihar nan, ta fi tsanani a Tsibirin Legas, aka yi asarar rayuka. Kwamishinan lafiya, Farfesa Akin Abayomi, shi ke fitowa yana bayani, kuma cikin abubuwan da hukuma ta zarga har da wani kunun aya na kwalba da ba shi da rajista. Na ji zafin wannan magana, domin aya tamu ce, daga Arewa ake loda ta. Amma aya ba ta da laifi. Ruwan da aka jiƙa ta, aka markaɗa ta, aka tace ta da shi, a nan ta'asar take.

Kuma ruwa a Legas kowa tasa ta fisshe shi. Gidan ruwa na Iju tun 1915 yake, an ƙara na Adiyan daga baya, amma gari ya fi ƙarfinsu nesa ba kusa ba. Yawancin masu abinci da rijiyar burtsatse suke aiki, ko su saya wurin mai ruwa, waɗanda galibinsu 'yan'uwanmu ne masu tura kura da jarkoki. Masana lafiya suna cewa a bar tazarar kamar mita 30 tsakanin rijiya da ramin masai. Fulotin Legas kuwa ƙafa 60 ne da 120, an cika shi da ɗakunan haya har bakin katanga. Na sha ganin rijiya da sokawe, wato ramin masai, taku biyar tsakaninsu. Ko naka ya yi nisa, na maƙwabcinka yana jingine da katangar. Wace takarda ce a bango za ta nuna wannan?

Gwamnatin jiha in ta so abu tana yi. Mun ga yadda aka rufe kasuwar Mile 12 a watan Oktoban 2023 saboda ƙazanta, mun ga yadda aka haramta farin mazubin abinci na soso a Janairun 2024. Sai dai garƙame ƙofa ba ya ɗaga bututu daga kwata. A kwashe shara, a share gaba, a buɗe, abin da ke ƙarƙashin ƙasa yana nan yadda aka bar shi.

Ban wanke kanmu ba. Cikin masu sana'ata akwai wanda zai karɓi kuɗin sabon bututu ya liƙa tsoho, ya haɗa hanyar ruwan kicin da ta banɗaki don ya rage wa kansa haƙa, ya kuma manta da gwiwar nan mai riƙe ruwa wadda ke hana wari da kyankyasai dawowa ta cikin bututu. Masu abinci namu kuma, da ka kawo maganar gyara sai a ce, "Gidan haya ne, kuma ai gida za mu koma." Shekara 25 mutum na cewa gida zai koma, jikokinsa har sun iya Yarbanci. Mai gida shi ma kuɗin haya kawai ya sani.

Alhali wani gyaran ba shi da wuya. Tarkon maiƙo ɗan akwati ne na bulo da siminti mai ɗaki biyu. Ruwan wanke-wanke ya shiga ya huce, maiƙo ya taso sama, tsakin abinci ya kwanta, ruwa ya wuce ta ƙasa. Yaro ya kwashe duk mako. Ba don lafiyar kicin kaɗai ba, wannan kitsen shi ke haɗuwa da leda ya toshe kwatar layi, damina ta zo ruwa ya shiga ɗakunan mutane.

Roƙona ga ma'aikatan duba-gari, waɗanda Yarbawa ke kira wole-wole, shi ne duk wanda ya shiga gidan abinci ya fara da tambayar inda ruwa yake fitowa, ya bi bututun da ƙafarsa har tanki, ya sa a buɗe murfin ya leƙa. A ɗebi ruwan a kai gwaji. In da hali a riƙa tafiya da mai gyaran famfo. Wanda aka samu da matsala a rubuta masa abin da zai gyara da wa'adi, a kuma kira mai gida, don ɗan haya ba shi da ikon matsar da sokawe. Kai kuma, Malam Edita, ka turo wakilinka ya zagaya Agege, Idi-Araba, Obalende da Alaba Rago, ya tambayi hukuma ƙa'idojin, ku buga su da Hausa. Mata da yawa da ke wannan sana'a suna biyan kuɗin takardun da ba wanda ya taɓa karanta musu. Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa su ma a sa su ciki, maganarsu ta fi saurin shiga kunne.

Ita Hajiya na ɗaga mata bututun na bi da shi jikin bango, mun zubar da ruwan tankin muka wanke shi da sinadarin kulorin. Tarkon maiƙo ta ce sai bayan ta kwashi adashi. Maganar sokawe kuwa mai gidan ya ce zai zo ranar Alhamis da safe, lokacin tsaftar kasuwa, mu auna tare. Alhamis biyu ke nan ina zuwa da tef ɗina.

Naka,
Wani mai gyaran famfo,
Agege, Legas.