Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobi: Adana Bayanai da Tattalin Batir a Na'urorin Awo Marasa Waya

'Yan uwa mambobi,

An gudanar da tarukan wata-wata kamar yadda aka saba, kuma bayanansu suna hannun sakatare.

Abin alfaharinmu a bana shi ne taron gwajin da muka shirya kan inda ya fi dacewa a ajiye bayanai. Mun baza na'urorin TelosB, wato wasu ƙananan na'urorin awo marasa waya, a fili, kowacce da batir biyu ƙirar AA da manhajar TinyOS mai tafiyar da ita, muka jarraba hanyoyi uku: na'ura ta riƙa tura duk abin da ta auna zuwa babbar tasha, ko ta riƙe shi har sai an tambaya, ko kuma a bi tsarin GHT na 2002, wanda ke mayar da sunan bayani ya zama wani wuri a filin, na'urar da ta fi kusa da wurin ta adana shi. Ranar ce muka ga zahirin abin da muka daɗe muna karantawa: rediyon da na'ura ke aikawa da karɓar saƙo da shi ne ke cinye batir fiye da lissafin da take yi nesa ba kusa ba, kuma a hanya ta farko na'urorin da ke daf da tasha ne suka fara raunana, domin saƙon kowa ta kansu yake bi. Hanya ta biyu ta yi tattali sosai har sai da tambayoyi suka yawaita, tunda kowace tambaya sai ta karaɗe na'urorin duka. Waɗanda suka kwana suna haɗa kaya sun cancanci yabo.

Aikin tsara ma'ajiyar filasha kuwa, wato ma'ajiyar da na'ura ke adana bayanai a ciki, bai kammala ba, kuma ya kamata masu gunaguni su san dalili. Ma'ajiyar TelosB ta waje megabayit 1 ce kacal, ba a kuma sake rubutu a kanta sai an goge yanki guda ɗungurungum, saboda haka tsara jadawalin neman bayani a cikinta yana buƙatar gwaji mai tsawo da ƙarin na'urori. Da kuɗin wata da mambobi ke biya za a saye su, kuɗin kuma bai shigo ba. Na gaji da bin mutane ɗaya bayan ɗaya, alhali wasunsu ba su halarci taro ko sau ɗaya ba, amma su ne kan gaba wajen tambayar inda aka kwana.

Sunayen waɗanda ake bi bashi suna wajen ma'aji, kuma za a karanta su a taro mai zuwa kafin a tattauna makomar aikin filasha.