Wuta: Arewa kaf a kan igiya biyu?

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ni mai walda ne a Panteka, wuta ita ce abincina, shi ya sa nake roƙon ɗan fili.

Har yau ban manta Oktoban 2024 ba. Babban layin wuta na Shiroro zuwa Mando a nan Kaduna ɓata-gari sun riga sun lalata shi, aka koma jawo mana wuta ta Enugu ta Makurdi har Jos, shi ma wannan ɗin ya faɗi, shikenan Arewa ta shiga duhu sama da sati, ni dai man janareta ya cinye ribata kaf, masu ƙanƙara da masu cajin waya kuwa kar ma a yi magana.

Abin kamar ɗaukar get ne, mu huɗu mun ɗaga, ɗaya ya zame, nauyin ya koma kan sauran, in ba a yi maza an ajiye ba kowa sai ya ji ciwo. Haka layukan nan suke. Ɗaya ya yanke, lodinsa ya hau na kusa, shi ma ya yi zafi ya yanke, injinan tasha su kashe kansu dan kar su ƙone, cikin 'yan mintoci daga Kainji har Legas ɗif. Ko Amurka a 2003 bishiya ce ta taɓa waya a Ohio, mutum kusan miliyan 50 suka rasa wuta, to bare mu.

Tambayata ina shirin ko-ta-kwana? Ya kamata tun kafin abin ya faru a san unguwannin da za a fara cirewa dan a ceci sauran, ni wallahi na yarda a cire Panteka awa uku in dai ba za a yi kwana goma ba, amma a bar wa asibitoci da gidan ruwa na Malali layinsu. Kuma a sanar a rediyo, ba wai mu zauna muna kallon kwan fitila ba.

Sai tashar samar da wuta ta Kudenda a nan Kaduna mai megawat 215, sama da shekara goma muna jin labarinta. Da tana aiki yadda ya kamata ai sai a ware Kaduna daga babban layi in ya rikice, mu ɗan riƙe kanmu kafin a gyara. Dokar lantarki ta 2023 ma ta ba jihohi dama su yi tasu wutar. Dan Allah ku tura wakilinku Kudenda ya gano mana inda aka kwana.

Naku,
Mai walda, Panteka, Kaduna