Sanarwa: maudu'inmu na wannan makon

Assalamu alaikum ƴan uwa. Wannan makon za mu tattauna a kan Casgevy, magani na farko na fasahar CRISPR (dabarar gyara ƙwayoyin gado) da hukumomi suka amince da shi don masu sikila: Birtaniya a Nuwamban 2023, Amurka a Disamba.

Abin da ya burge ni, ba a taɓa ainihin ƙwayar gadon da ke lanƙwasa jajayen ƙwayoyin jini kamar lauje. Ana ɗebo ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin majiyyaci, a yanke ɗan sashen da ke kunna wata ƙwayar gado mai suna BCL11A. BCL11A ɗin ne ke dakatar da himoglobin (sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a jajayen ƙwayoyin jini) irin na jarirai bayan haihuwa. Da an rage masa ƙarfi, sai jiki ya koma yin irin na jariri, wanda ke hana lanƙwasar.

Sai dai aikin da wuya. Dole a kashe ɓargon majiyyaci da magani mai ƙarfi kafin a mayar masa da ƙwayoyin da aka gyara, ya yi makonni a asibiti, kuma maganin kashe ɓargon kan iya hana haihuwa.

Don Allah a turo tambayoyi kafin daren Juma'a. Masu karatun kimiyyar sinadarai ku taimaka da bayanin yadda Cas9, wato almakashin fasahar CRISPR, ke yanka DNA, sinadarin da ke ɗauke da ƙwayoyin gado.