Iyafis da sirrin makaho a bainar jama'a

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin mu ja hankalin 'yan'uwanmu makafi masu amfani da wayar shafa a ƙauyukan Jigawa da Kano, da masu sayar musu da kayan waya.

A wayoyin Android irin su Tecno, Itel da Infinix, manhajar TalkBack ce ke karanta wa mutum duk abin da yatsansa ya taɓa. A iPhone kuma VoiceOver ce. Da su makaho ke kira, ya ji saƙo, ya tura kuɗi ba sai da ɗan jagora ba. Sai dai manhajar ba ta san kunya ba. Mutum na tsaye gaban mai POS ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, ko ranar Juma'a a Wudil, waya na hannunsa, alat ya shigo, sai ta faɗi abin da ya cira da abin da ya rage a asusunsa, na kusa duk suna ji.

Inda abin ya fi hatsari shi ne lambar sirri. A cikin manhajar banki, TalkBack ba ta furta lambar sai da iyafis a jone, muddin ba a canja saitinta na asali ba. Amma tura kuɗi ta lambobin nan masu tauraro, wato USSD, wanda shi mutanen karkara suka fi yi saboda ba ya buƙatar data, wayar ba ta ɗauki akwatinsa a matsayin wurin sirri ba. Kowace lamba aka danna sai ta faɗe ta. Wanda bai sa iyafis ba ya shelanta lambarsa ke nan.

A ganinmu iyafis mai igiya ya fi dacewa da ƙauye, ko da matasa sun fi sha'awar na Bluetooth. Na Bluetooth yana da ɗan jinkiri tsakanin taɓa allo da jin magana, masu araha kuma kan yanke farkon kalma idan an ɗan yi shiru. Mai neman lamba a kan allo da yatsa, wannan jinkirin kaɗai ya isa ya sa shi danna 5 a maimakon 4. Ga kuma caji. Da batirinsa ya mutu, magana za ta koma sifika nan take. Waƙa kan tsaya idan iyafis ya fita, amma TalkBack ba ta tsayawa, ci gaba take yi. A garin da sai an kai waya shagon caji, ƙarin abin da ke neman wuta ƙarin wahala ne.

Mai igiyar ma ba ya rasa nasa ciwon. Rigar waya mai kauri kan hana kan iyafis shiga har ƙarshe, sai murya ta riƙa ɗaukewa ko ta fita ta sifika. Ƙurar hunturu da zaren aljihu kan toshe ramin. A kashe wayar, a sakace shi a hankali da busasshen tsinke. Kada a sa allura, kada a sa ruwa. Igiya kuwa daga wuyan filogi take karyewa, don haka a sa wayar a aljihun gaba, a bi da igiyar ta cikin riga ko ƙarƙashin hijabi, a daina nannaɗe ta a jikin waya. Mai son kira da shi ya shafa kan filogin, ko ya tambaya: mai zobe 3 shi ne mai makirufo. Wayar da ba ta da ramin iyafis sai da mahaɗi na ramin caji, kuma ba kowane mahaɗi ke aiki da kowace waya ba, saboda haka a gwada a shago kafin a biya.

Kafin a sa lambar sirri, a yi wannan gwajin: a jona iyafis, a cire shi daga kunne, a shafa allo sau ɗaya. In an ji magana a fili, bai shiga ba.

Kunne ɗaya kawai za a toshe. Da kunne makaho ke gane babur, amalanke da garken shanu, da sallamar mai yi masa magana, kuma wanda ya toshe biyun a kan hanya ya sa kansa cikin haɗari. A cikin saitin Accessibility akwai Mono audio, a kunna shi domin duk sauti ya taru a kunne guda. Akwai kuma irin wanda ke zama a kan ƙashin gefen kunne ya bar kunnen a buɗe. Yana da kyau, sai dai tsada, kuma in an ƙure shi na kusa kan ɗan ji.

Iyafis yana rufe kunnen mutane ne, bai rufe idonsu ba. A jerin umarnin TalkBack akwai Hide screen da ke baƙanta allo, yana ma rage cin batir. A iPhone, a taɓa allo sau 3 da yatsu 3.

Hayaniyar kasuwa kan sa a ƙure murya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin na'ura. In ba a ji sosai, gara a matsa gefe ko a rage saurin karatun. Ƙarfin muryar TalkBack daban yake da na waƙa: a ɗora yatsa a allo, sannan a danna maɓallin ƙari ko ragi.

Roƙonmu ga masu POS: ku daina ce wa makaho "Malam, faɗo lambar in sa maka." Ku ba shi lokaci ya jona iyafis ya tura da kansa, ku jira ya ji alat. Masu shagon waya kuma, in makaho ya zo saye, ku kunna masa TalkBack, ku saita masa gajeriyar hanyar kunna ta da kashe ta, wato danne maɓallan murya biyu na daƙiƙa 3, ku bar shi ya gwada iyafis ɗin a wayarsa kafin ya tafi.

Wassalam.

Wasu masu koyar da makafi amfani da waya,
Gumel, Jihar Jigawa.